Sittin a Moris, Ɗaya a Balan

Wanda zai je Gaya daga Kano ranar Juma'a sai ya yi guzurin haƙuri, domin ranar kasuwar Wudil ke ci, kuma duk abin da ya nufi gabas ta kan gadar garin zai bi. Ɗaurin auren jikar baffana ne ya fitar da ni a tsakiyar watan Nuwamba na 2024. Na hau mota a Mariri da hantsi. Litar fetur ta haura naira dubu a lokacin, saboda haka babu wanda ya tsaya jayayya a kan kuɗin mota, kowa ya miƙa yana tsaki. Tun kafin mu hango ruwa muka faɗa cunkoso: manyan motoci shaƙe da shanu za su kudu, a-kori-kura ɗauke da buhunan sabon wake, Fulani da sanduna a kafaɗa suna ratsa tsakanin motoci da tumakinsu, 'yan talla suna cuso farantin soyayyen kifi ta taga. Kogin ya fara ja da baya, yashi ya fito fari tas a gefe, masu kwale-kwale suna kai da kawo a ƙasan gada.

Daga Wudil zuwa Gaya fastoci ne suka riƙe mini ido. Bangon shago, turken lantarki, gindin darbejiya, babu wanda ya tsira. Hawa-hawa suke. Na ƙasa na zaɓen 2023 ne, rana ta cinye su har jar hula ta koma ruwan ƙasa, tsintsiya ta dushe. Na sama kuwa sababbi ne fil, na zaɓen ƙananan hukumomi da aka yi ranar 26 ga Oktoba. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya nuna su da haɓa ya ce, "Na ƙasan nan mu muka zaɓe su. Na saman kuwa zaɓo mana su aka yi." Direba ya ce don Allah a bar zancen, shi fatansa a sauka lafiya.

Gaya ba baƙuwar tarihi ba ce. Daga nan ake cewa Abagayawa maƙera suka tashi suka je gindin Dala neman tama, kuma a labarin Bayajidda maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar Daura. A 'yan shekarun nan ma garin bai huta da shiga labarai ba. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga shi ya zama masarauta mai sarkin yanka, a watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe, bayan wata biyu ta dawo da masarautar a daraja ta biyu. Na yi sallar Juma'a a garin, na ci gurasa da tsire a tsaye, na nemi ɗan acaɓa ya kai ni Balan, inda Baffa yake.

Kaka ta kai maƙura. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ce ake yanka, an jingine dammuna a tsakiyar gonaki. An ɗora harawa a kan rassan bishiyoyi don kada awaki su kai gare ta. Mata da yara suna roron wake, amalanken shanu na tafe a hankali da kara har ya rufe mai kora. Hazon hunturu ya fara sauka, iska tana busar da leɓe. Balan ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gaya, kuma a lissafin Abuja tana cikin mazaɓar tarayya ta Albasu, Gaya da Ajingi. Da na sauka na durƙusa na gaida Baffa a zaure, ya riƙe hannuna yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da bai taɓa gani ba.

Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kawo shayi. A nan ne wani ɗan baffan nawa, malamin firamare, wanda ya karɓo wayarsa daga wurin mai caji, ya ce yana da labarin da ya fi na Amurka daɗi. Kwana goma ke nan ana ta zancen dawowar Trump, kowa ya gaji. Ya ce akwai wata ƙasa a tsakiyar teku da aka yi zaɓe ranar Lahadin da ta wuce, 'yan adawa suka cinye kujeru sittin cikin sittin, gwamnati mai ci ba ta tsira da ko ɗaya ba.

Ƙasar Moris yake nufi, wadda jaridu kan rubuta Mauritius. Tsibiri ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, girmansa wajen kashi ɗaya cikin goma na jihar Kano, mutanensa miliyan ɗaya da 'yan kai. Turawan Faransa sun riƙa kai bayi daga Afirka su noma musu rake. Da Ingila ta karɓe tsibirin ta kuma soke bauta a 1835, sai aka riƙa kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya, waɗanda jikokinsu ne suka fi yawa a yau. Kusan mutum ɗaya cikin shida Musulmi ne. Sun samu 'yancin kai ranar 12 ga Maris 1968, suka riƙe tsarin firaminista irin na Ingila har yau. An raba babban tsibirin mazaɓu 20, kowace tana tura mutum uku majalisa, sai ƙaramin tsibirin Rodrigues mai kujeru biyu. Ranar 10 ga Nuwamba 2024 ƙawancen Navin Ramgoolam ya share duka sittin ɗin na babban tsibiri. Kusan mutum takwas cikin goma na masu rajista sun fito. Tsadar rayuwa da faɗuwar darajar kuɗinsu ne suka fusata jama'a, sai kuma wasu muryoyin waya na manyan ƙasa da aka naɗa a ɓoye aka riƙa saki a intanet. Gwamnati ta rufe Facebook da sauran shafukan sada zumunta ranar 1 ga watan, mutane suka yi ca a kanta, washegari ta buɗe. Firaminista Pravind Jugnauth bai jira a gama ƙirga ba, ranar Litinin ya fito ya ce an kayar da su.

Baffa ya ajiye kofinsa ya ce, "Shi shugaban nasu, har a garinsu ya faɗi?"

Malamin ya ce har a mazaɓarsa, Baffa. Ko kujerar majalisa bai samu ba.

"To ai irin namu ne na da."

Baffa yana yaro ɗan shekara goma sha wani abu aka yi zaɓen 12 ga Disamba 1959, wanda ya kafa majalisar da ta karɓi mulkin kai. Bai isa jefa ƙuri'a ba, amma ya bi mahaifinsa, kakana, yana riƙe masa da buta. Ya ce a wancan zamani ba dangwale ake yi ba. Kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan zana, da alamar jam'iyyarsa a manne: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. A ba ka takarda, ka shiga kai kaɗai, ka jefa a wanda kake so. Ya ce sai dai kafin ka shiga zanar ka riga ka wuce ta gaban dagaci da 'yan doka, kuma sun san gidan da ake cewa Sawaba da gidan da ake cewa Salama. Wanda aka sani da tauraro, idan lokacin haraji ya zo sai ya gane kurensa. Mata kuwa ko kusa ba sa zuwa, domin matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai a 1976.

Abin da Baffa ya gani da idon yaro haka yake a littafi. Kujeru 312 aka yi takara a kansu, 174 a Arewa. NPC ta ci 134, ta haɗa kai da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama firaminista saboda shi ma ɗan majalisa ne da ya ci mazaɓarsa a Bauchi. Malam Aminu Kano ya shiga majalisa a wannan zaɓe daga Kano ta Gabas. A wannan tsari minista daga cikin majalisa ake ɗauko shi, in mutanen mazaɓarsa suka juya masa baya, ofishin ma ya tafi. Baffa ya tuna Alhaji Sule Gaya, ɗan wannan ƙasa da ya yi minista a gwamnatin Sardauna a Kaduna, ya ce a lokacin idan an ce minista, to mutum ne da ka san zaurensa.

Matasan da ke wurin suka ɗauki zancen da zafi. Wani ya ce ai shi ya sa wasu 'yan majalisar wakilai su sittin suka gabatar da ƙuduri a watan Fabrairun 2024 a koma tsarin firaminista nan da 2031, kuma Abdussamad Dasuki na Sakkwato ne kakakinsu. Hujjarsu ita ce tsarin shugaban ƙasa da muka ɗauka a 1979 ya yi tsada, ya kuma tara iko a hannun mutum ɗaya. Ban musa musu hujjar ba, amma ban bi su ba. Tsarin da Baffa yake tunawa shi ne ya kai mu ga zaɓen 1964 da aka ƙaurace wa a wurare da dama, ya kai mu ga ƙone-ƙonen Jihar Yamma a 1965, ya ƙare da jinin 15 ga Janairu 1966. 'Yan NEPU da suka sha ɗauri a hannun alƙalan En'e a ƙarƙashinsa suka sha. Ita kanta Moris ba aljanna ba ce. Ramgoolam ɗan firaministan farko ne, Jugnauth kuma daga hannun mahaifinsa ya karɓi kujerar a 2017, wato gidaje biyu ne suke ta miƙa wa juna mulki kusan tun samun 'yanci. Majalisar da babu ɗan adawa a cikinta kuwa ba abin sha'awa ba ce. Sun san da haka, shi ya sa dokarsu ta ware kujeru har takwas da ake bai wa waɗanda suka faɗi da ƙuri'u mafi yawa, don kada wata al'umma ta rasa murya, kuma ta wannan ƙofa ce gwamnatin da aka kayar ta samu 'yan tsirarun da ke wakiltarta yanzu.

Da safe na shiga cikin gida gaida mata. Tsakar gida ta cika da tukwane, ana tuƙa tuwon biki, 'yan mata na jera kwanuka, wata tsohuwa na kaɗa miyar kuka da maburgi. Gwaggo ta ja ni gefen rumbu ta ba ni fura, ta ce ta jiyo mu daren jiya muna ta surutun zaɓe kamar mu muka fi kowa sani, alhali ranar zaɓe layin mata ne yake fin tsawo. Ta ba ni labarin 25 ga Fabrairu 2023. Lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta yi ɓatan dabo, mace ta kai akuya kasuwa a ce sai dai a tura mata ta waya, ita kuwa ba ta da asusu. Ta ce masu rabo sun zo kamar yadda suka saba, daga kowane ɓangare, da taliya da sabulu da turmin atamfa ga shugabannin mata. "Mun karɓa mana, ɗan nan. Ai namu ne. Amma da na shiga wurin dangwalawa, daga ni sai Allah." Na'urar tantancewa ta ƙi karanta yatsanta saboda kaushin surfe, sai da aka ɗauki hoton fuskarta. Takardu uku aka ba ta, akwatuna uku ta jefa, ta koma gida ta ɗora girki, da la'asar ta sake fitowa ta tsaya har aka ƙirga a gaban kowa.

Sakamakon wannan rana sananne ne. Sanata Kabiru Ibrahim Gaya, ɗan garin nan, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993 ya kuma shekara 16 a majalisar dattawa, ya sha kaye a hannun Kawu Sumaila na NNPP. Kujerar majalisar wakilai da Abdullahi Mahmud Gaya ya riƙe wa APC ta koma hannun Ghali Mustapha Tijjani na NNPP. Bayan mako uku jam'iyya mai mulkin jiha ta rasa gidan gwamnati. Kafin wannan, a 2015, Kano na kan gaba wajen kayar da shugaban ƙasa mai ci. Duk mai cewa talakan ƙauye taliya ce ke juya shi bai zauna da irin su Gwaggo ba. Abin da mutanen Moris suka yi, mutanen Balan sun iya shi, sun kuma yi.

Inda muka rabu da Moris da tsibirai irinta shi ne abin da ke biyo bayan zaɓe, kuma lissafi ne mai sauƙi. A ƙidayar 2006, Albasu da Gaya da Ajingi sun haura mutum rabin miliyan, yau kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Dukansu mutum ɗaya ke wakiltarsu cikin 360 na majalisar wakilai. Ƙasar Cape Verde, tsibirai goma da ke yamma da Senegal, 'yar'uwarmu a ECOWAS, jama'arta duka wajen rabin miliyan ne, amma 'yan majalisarta 72, har da shida na 'yan ƙasar mazauna waje. Barbados, inda jam'iyyar Mia Mottley ta cinye kujeru talatin cikin talatin a 2018 ta kuma maimaita a 2022, mutanenta ba su kai dubu ɗari uku ba. A Moris mazaɓa mai masu ƙuri'a wajen dubu hamsin wakilai uku gare ta. A irin waɗannan wurare ɗan majalisa mutum ne da za ka ci karo da shi a kasuwa ko a wurin jana'iza, ka tare shi ka faɗa masa abin da ke ranka, gobe ma ka sake ganinsa. Namu kuwa ko waliyyi ne ba zai iya zaga garuruwa da ƙauyuka da rugagen ƙananan hukumomi uku ba, ga zaman Abuja. Sanata kuma ƙananan hukumomi 16 ke wuyansa, daga nan har Doguwa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, amma waɗanda muke amfani da su tun 1996 aka shata su, lokacin da yawancin samarin da ke kan tabarmar Baffa ba a haife su ba.

A hanyar masallaci malamin ya nuna mini wani tuƙa-tuƙa da ya daina ba da ruwa. Akwai allon ƙarfe a gefensa, fenti ya ɓare, ba a iya karanta komai sai rabin wata shekara. Na tambayi yaran da ke wasa a kan dakalinsa wa ya haƙa. Ɗaya ya ce ɗan majalisa, ɗaya ya ce ƙaramar hukuma, wani babba da ke wucewa ya ce wata ƙungiya ce daga waje. Abin da ya lalace a ciki, in ji malamin, bai fi kuɗin buhun dawa ba. Amma tun da ba a san mai shi ba, ba a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba, mata sun koma rijiya da guga.

Wani zai ce to a ƙara yawan 'yan majalisa mana. Da wane kuɗi? Kawu Sumaila da bakinsa ya faɗa a watan Agustan 2024 cewa abin da ke shigo wa sanata na tafiyar da ofis naira miliyan 21 ne a wata, ya kuma kyauta da ya faɗa, don da yawa ɓoyewa suke. Wannan albashin ma'aikata ɗari uku ne a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ƙasar da ke biyan wakili haka ba za ta iya ninka yawansu ba, kuma bai kamata ta yi ba.

Wakilin da ke kusa muna da shi tuntuni, shi ne kansila. Mazaɓu 484 ne a jihar Kano, kowace da nata. Shi ne wanda yake kwana a cikinmu, matarsa take ɗibar ruwa inda matanmu suke ɗiba, 'ya'yansa suke zama a ajin da rufinsa ya yaye. Idan akwai kujerar da ta yi daidai da ta ɗan majalisar Barbados wajen kusanci da jama'a, to ita ce. Ita ce kuma kujerar da aka fi wulaƙantawa.

An ɗaura aure da misalin sha ɗaya. Liman ya yi huɗuba, waliyyai suka yi siga, aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Maroƙi ya miƙe yana shelar gudunmawa, wakilin wane ya ba da kaza, wakilin wane ya ba da kaza, yawancin masu sunan suna Kano ko Abuja. A wajen cin abinci na zauna kusa da wani abokin Baffa da ya zo daga wata ƙaramar hukuma, wanda ya taɓa yin kansila shekarun baya. Babbar rigarsa ta sha wanki har ɗinkin wuya ya fara tashi. Ya ce a zamaninsa kafin ya dawo daga sallar asuba zaurensa ya cika: mai takardar magani, mai matar da naƙuda ta zo da gardama, mai rikicin iyakar gona, mai neman taki. "Suna ganin gwamnati ce ta zo unguwarsu. Ni kuwa abin da ke hannuna albashina ne kawai. Ko kwalbati ban isa in sa a gina ba sai an sa hannu a Kano." Na tambaye shi yadda ya ci zaɓe. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Alhaji, sunana aka rubuta a gidan wani babba. Ranar zaɓe ni ma labari na ji."

Ga yadda alƙaluman suke. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018, APC mai mulki ta cinye shugabanni 44 duka. A watan Janairun 2021 ta sake cinye 44 da kansiloli 484. Ranar 26 ga Oktoba 2024 NNPP mai mulki ta cinye 44 da 484. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke gidan gwamnati, domin gwamna ne ke naɗa hukumar da ke shirya zaɓen, manyan 'yan adawa kuma sau da yawa ƙaurace wa suke yi tun kafin ranar. Ashe mu ma muna da namu sittin ba ko ɗaya, har mun fi su. Sai dai a Moris, a 1982 da 1995 da 2024, duk sau ukun jama'a ne suka share gwamnati mai ci. A wurinmu mai ci ne yake share jama'a. Jihar da ba ta taɓa haɗuwa a kan mutum ɗaya ba, wadda ta raba ƙuri'unta tsakanin Santsi da Taɓo, tsakanin jar hula da tsintsiya, wai ita ce mazaɓunta 484 suka zama baki ɗaya ranar Asabar guda. Babu mai hankalin da zai yarda, kuma masu sanar da sakamakon ma sun san ba a yarda ba.

Wannan ya fi ci mini rai a kan zancen firaminista ko shugaban ƙasa. Gwaggo za ta iya tsayawa a rana ta kayar da sanatan da ya shekara 16, amma ba ta da ta cewa a kan wanda zai gyara mata tuƙa-tuƙa. An bar mata ƙuri'ar da ke tafiya Abuja, an ƙwace wadda za ta yi mata aiki a ƙofar gida. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Hukunci ne mai kyau. Amma kuɗin da aka tura wa ciyaman ɗin da gwamna ya rubuta sunansa, hannun gwamna ya koma ta bayan gida. Sai an raba gwamnoni da hukumar da ke ƙirga waɗannan ƙuri'u, ko a miƙa wa INEC duk da nata raunin, ko a sauya yadda ake naɗa ta jiha, sannan a ware wa mazaɓa wani kaso da kansila zai kashe a idon jama'a, a manna lissafin a bangon makarantar firamare inda kowa zai karanta. Ranar da haka ta samu, mutumin Balan zai san mai tuƙa-tuƙa, zai kuma san ranar da zai rama.

Da yamma aka kai amarya, mata suna guɗa, 'yan acaɓa sun jeru suna ta hon. Malamin ya raka ni bakin hanya ranar Lahadi da safe, yana tura babur ɗinsa don mai ya yi ƙasa. Na ce masa tun da yana da ilimi, mutane kuma suna ganin girmansa, me zai hana ya nemi kansila a zagaye mai zuwa. Ya ce ya taɓa sa abin a ransa, har abokansa sun fara zuga shi a 2024. Sai hukumar zaɓen jiha ta sanar da kuɗin fom: naira miliyan goma na ciyaman, miliyan biyar na kansila. Maganar ta je kotu, amma shi tun ranar ya cire rai. A Moris, in ji shi, mutum fiye da 800 ne suka tsaya neman kujeru 62. Ya ciro waya ya buga lissafi ya nuna mini: a kan sabon albashin naira 71,000 da gwamnatin Kano ta sanar, sai ma'aikaci ya tara na wata saba'in, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takardar neman wakiltar unguwarsu.